Gurbin Wayar Baba

Sai da Yaya ta iso gaban teburin duba kaya ta zuge jakarta, sannan ƙanshin shayi ya daki hancinta. Ta cusa hannu, ta ji laima har ƙasa. Filas ɗin da Baba ya dage sai ta tafi da shi yana kwance a karkace, murfinsa bai hau daidai ba, kwamfutar hannunta kuwa tana ƙarƙashinsa, jiƙe sharkaf da shayi da madara.

Ta zaro ta, ta goge da bakin mayafi, ta danna maɓallin kunnawa. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ta sake dannawa ta riƙe, har ɗan yatsanta ya fara zafi.

"Baiwar Allah, daina dannawa, ƙarasa ta za ki yi," in ji matar da ke duba kayan 'yan jarrabawa, wata siririya mai tabarau. Ta karɓa ta jijjiga, shayi ya ɗigo ta ramin caji. "Wannan kam ta sha ta ƙoshi, yau ba ta da sauran magana."

Jarrabawar ta lasisin masu ba da magani ce. Yaya, kamar yadda ƙannenta ke kiranta har sunan ya bi ta wurin aiki, ta daɗe a bayan tagar ba da magani ta wani ƙaramin asibiti. Da wankin kwalabe ta fara. A hankali ta koyi gane rubutun likitoci, ta shiga makarantar yamma da 'yarta a goye, har ta zama ita ke zuba ƙwayoyi a leda tana rubuta safe da rana da dare. Sai doka ta zo cewa ba mai tsayawa a tagar nan sai da lasisi. Sau biyu tana zama ba ta haye ba. Wannan ne zama na uku, kuma ba a ba kowa na huɗu. In ta faɗi, wata ce za ta gaji kujerarta.

Da littafi ake shiga, kundin magunguna mai shafi fiye da dubu. Ba wanda ake sa ran ya haddace shi. So ake a ga ko mutum ya san inda zai duba kafin lokaci ya ƙure masa. Littafin kuma ba na takarda ba ne. Makaranta ce ta sayar musu da shi a farkon shekara ta hannun wani kamfanin littattafan waya, kowa a cikin akawun ɗinsa.

"Kwantar da hankalinki, muna da ta aro," in ji Mai Tabarau. Ta jawo wata kwamfutar hannu daga aljihun tebur. "Ba ta buɗe komai sai manhajar karatu. Shiga akawun ɗinki ki sauke littafinki. Amma ki ji ni da kyau: da ƙarfe tara zan rufe ƙofa. Wanda yake waje, waje yake."

Yaya ta ɗaga kai. Akwai agogon bango a saman ƙofar zauren, dogon hannunsa ya ɗan gota bakwai.

Ta koma kan benci a baranda, ta rubuta sunanta da lambar sirri. Littattafanta suka jero. Ta taɓa kundin. Maimakon ya buɗe, sai wani rubutu ya fito: na'urori biyar aka yarda wa kowane akawun, biyar ɗin sun cika, sai an cire ɗaya kafin a ƙara wata.

Ta mayar wa Mai Tabarau ta gani.

"Kash. Kullum sai an sami mai wannan matsalar." Matar ta gyara tabaraunta. "Hanya biyu ce. Ko wanda ke riƙe da ɗaya daga cikin na'urorin ya fita daga akawun ɗin da kansa, daga nan ba za ki iya cire guda ba, sai a jikinta. Ko kuma ki danna wannan jan na ƙasa, Cire Duka. Sau ɗaya ake ba mutum shi a shekara. Ni dai ban taɓa ganin an danna ba, yawanci waya ɗaya suke yi gida a fitar musu."

"In na sake sayen littafin fa?"

"An rufe sayar da bugun jarrabawa tun tuni."

"To wata ta ara mini akawun ɗinta mana. Ga 'yan ajinmu can."

"Kowane shafi da sunan mai shi a ƙasa, kuma sai na duba ya yi daidai da katinki. Ba ya kwafuwa, ba ya turuwa. Kada ma ki ɓata lokacinki wajen kiran kamfanin, murya ce za ta ce ki jira kwana biyu." Ta miƙa hannu ga na bayanta a layi. "Na gaba."

Yaya ta zauna ta dubi jerin. Duk biyar ɗin ta san su, don duk nata ne a da. A gidansu ba a sayar da waya. In babba ya yi sabuwa, tsohuwar ta gangara zuwa na ƙasa. Ita kuma duk wadda za ta bayar sai ta bar littattafan a ciki da gangan. Ba ta cewa komai, miƙawa kawai take yi, tana fatan wata rana wani zai rasa abin yi ya buɗe. Ita da ta kai shekara talatin kafin ta karanta littafi daga bango zuwa bango, ba ta iya goge littafi daga hannun ɗan'uwanta. Har wayarta ta ƙarshe ta ba 'yarta, ta koma riƙe ƙarama mai madannai.

Ta farko a jerin ita ce wadda shayi ya kashe yanzu. Ta biyu tana hannun 'yarta a makarantar kwana, inda ake kulle wayoyi a kabad sai ranar hutu. Ta uku Dogo, ƙaninta direban babbar mota. Ta huɗu Auta, ƙanwarta. Ta biyar, wadda ta fi kowace tsufa, ta Baba ce, kuma ita kaɗai ce da jan rubutu a gefenta: wannan na'urar ta tsufa, in aka cire ta ba za ta sake shiga ba.

Ta kira ofishin makarantar 'yarta. Ya yi ta ƙara har ya katse. Ta kira Dogo.

"Yaya Babba! Yau wace rana?" Ƙarar inji ta cika wayar. "Ina kwana, ya Baba, ya 'yata..."

"Dogo, wayar da na ba ka, mai jan baya, tana jikinka?"

"Ko gaisuwa babu? Ince dai lafiya?"

"Tana jikinka ko ba ta jikinka?"

"Wai 'yar tsohuwar nan? Ai tuni na yi musayarta. Wani yaron mota na ba, ya ba ni rediyo."

"Ka fita daga akawun ɗina kafin ka ba shi?"

"Wane akawun?"

"Na littattafai!"

"Au, da littattafai a ciki? Wallahi Yaya ni na ɗauka irin wasannin nan ne na yara. Bari in na sauke kaya jibi in neme shi, ai na san inda..."

Ta kashe. Dogon hannun agogo ya wuce takwas. Layin da ke gaban tebur ya ragu, ana jin jan kujeru daga cikin zaure.

Saura Auta. Rabon da su yi magana tun ranar da Auta ta zo da maganar a mayar da Baba gidanta, mai bene da mai aiki, Yaya ta ce mutumin da ba ya gani ba a raba shi da bangon da hannunsa ya sani. Auta ta ce ai dama ta mallake shi, kamar ita kaɗai ya haifa. Yaya ta ce wanda ya san ciwon uba ba sai da mota yake zuwa dubiya ba. Daga nan kowa ya kama gabansa. Auta ta sauya lamba ba ta aiko ba, Yaya kuma ba ta tambaya ba. Mutum ɗaya ne ke da lambar, a ka.

Ƙara ɗaya Baba ya ɗauka.

"Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Tara ta kusa, me kike yi a waya?"

Baba tsohon mai gyaran agogo ne. Idon ya tafi, amma lokaci bai taɓa ɓace masa ba.

"Ba komai, Baba. Lambar Auta nake so."

Tana jin ƙarar agogunan ɗakinsa, kowane da nasa taku.

"Lambar Auta. Yau. A bakin ƙofar jarrabawa."

"Wata 'yar tambaya ce."

"Kin sha shayin?"

"Na sha, Baba."

"To." Ya karanto lambar a hankali, bibbiyu, ta rubuta a tafin hannunta. "Allah ya ba da sa'a. Ni ma yau zan ji ko za a fito da mutumin nan."

Mutumin nan, wani mai haƙar rijiya ne a cikin dogon labarin da Baba ke saurara, wanda ƙasa ta rufta da shi, 'yan'uwansa suna ta tono. Wayar ce ke karanta masa, da muryar mace, ya kuma raɗa mata suna Malama. Cikin duk waɗanda Yaya ta bar wa littattafai, makahon ne kaɗai ya buɗe. Wayar tana da maɓalli guda a ƙasa wanda babban yatsansa ya sani, Yaya kuma ta ɗiga masa jan farce a wurare uku a kan gilashin, ya bushe ya yi tudu: nan buɗewa, nan tsayawa, nan komawa baya. Sun gwada masa sababbin wayoyi, sumul ba inda yatsa zai kama, ya ce kamar a ba mutum faranti a ce ya nemo ƙofa. Da wannan tsohuwar yake kwana yake tashi, ba ya jiran kowa ya dawo daga aiki. Labarin saura babi biyu, yana ta tattalinsa kamar sauran alewa.

Auta ta ɗauka da muryar ofis. "Wa ke magana?"

"Ni ce."

"Baba ne? Me ya same shi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Auta, ba ni da lokaci. Wayar da na ba ki, baƙar nan, tana kusa da ke?"

"Ikon Allah. Wata da watanni ba ki neme ni ba, sai yau, kuma a kan tsohuwar waya? In karɓa za ki yi ai sai ki aiko."

Yaya ta haɗiye abin da ya taso mata. Ta yi bayani a gajarce, shayin, gurbi biyar, ƙarfe tara. Da ta gama, muryar Auta ta sauka.

"Tana gida, a cikin durowa. Ni kuma ina wurin aiki, ko tashi sama zan yi ba zan kai ba. Mai aikin ta tafi kasuwa da makulli." Ta ja numfashi. "Ba kin ce akwai Cire Duka ba? Danna mana."

"Ta Baba za ta tafi. Ba ta dawowa."

"Sai a saya masa sabuwa. Ni zan saya."

"Ba zai iya da ita ba. Mun gwada."

"Ke dai kullum ke kika san abin da zai iya da wanda ba zai iya ba! Yaya, aikinki ne fa. In kika rasa shi, Malamar ce za ta ciyar da ku? Danna, in ya tambaya ki ce wayar ce ta lalace. Tsohuwa ce, wa zai yi mamaki?"

"Ƙarya zan yi masa?"

"To zauna nan da gaskiyarki har a rufe ƙofa."

Wayar ta katse. Ko Auta ce ta kashe, ko hannunta ne, Yaya ba ta sani ba.

Barandar ta zama fayau. Daga ita sai Mai Tabarau, da ke tattara katuna tana ɗaure su da roba. Dogon hannun agogo yana kan goma.

"Ya dai, an dace?"

Yaya ta girgiza kai.

"Ni dai ba zan ce ki yi ko kada ki yi ba. Amma ƙofar nan ba tawa ba ce, ni ma sa ni aka yi."

Yaya ta dubi jan rubutun. Ta tuna tagarta, da ɗan katakon da gwiwar hannunta ta goge har ya yi santsi, da tsofaffin da ba sa karɓar magani sai in ita ce a wurin. Ta tuna kuɗin makarantar 'yarta. Ta tuna Baba da asuba, yana lalube a kicin, yana murɗa murfin filas da hannu biyu, yana cewa ba mai shiga jarrabawa da ciki wayam. Ta ce a ranta, zan zauna da shi kowace yamma, ni zan karanta masa. Ta san sau nawa ta faɗi haka a baya, ta kuma san sau nawa ta dawo ta yi barci a zaune da takalmi a ƙafa.

Ta danna.

Aka tambaye ta ko ta tabbata. Ta sake dannawa da sauri, kada ta sami damar tunani.

Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa. Sannan rubutu ya fito: an karɓi buƙatarki, za a cire dukkan na'urori cikin awa ashirin da huɗu.

Ta karanta sau biyu. Ta koma baya ta taɓa kundin. Na'urori biyar, biyar ɗin sun cika.

"Wai... sai gobe?" Muryarta ta fito siririya. "Babu inda ake fasawa?"

Mai Tabarau ta zo ta leƙa, ta shafa sama ta shafa ƙasa. "Babu. Wallahi ban san haka yake ba. Da na sani da na gaya miki."

Yaya ta jingina da bango. Ta ba da wayar Baba, ba ta kuma sami komai ba. Ta zauna da kwamfutar aro a cinya, tana kallon tabon shayi a mayafinta, kanta babu komai a ciki sai ƙarar agogo.

Ƙaramar wayarta ta yi ruri a hannunta. Baba.

"Uwata, Auta ta kira ni. Yau dai na ga abin mamaki, 'ya'yana biyu a safiya ɗaya." Ba wasa a muryarsa. "Murfin filas ɗin ne ko?"

"Baba..."

"Na ji bai zauna ba, na ce hannuna ne ke raina ni. To, ya wuce. Na sa ki a sifika. Gaya mini inda zan taɓa in fita."

"A'a, Baba. In ka fita ba ta sake shiga."

"An gaya mini."

Ta buɗe baki za ta ce masa ta riga ta yi abin da ya fi wannan, sai ya riga ta magana.

"Ke nake jira. Ko ki nuna mini hanya, ko in yi ta lalube har in goge abin da ba a ce ba. Saura ƙiris tara ta buga, ina jin babban agogon yana shirin ɗaukar numfashi."

Ta share ido da bayan hannu. "Danna maɓallin sau ɗaya. Ka taɓa ɗigon sama."

"Na taɓa."

"Yanzu ka ja yatsa zuwa kusurwar dama, can sama. Babu ɗigo a wurin."

"Don me babu?"

"Don ban so ka taɓa shiga can."

"Ashe." Ta ji shafar yatsa a kan gilashi, sannan muryar Malama, a natse kamar kullum, tana faɗin abin da yatsan ya bi ta kansa: littattafai, bincike, alamomi. Sai kuma muryar ta sauya taku, ta shiga karatu. Yatsansa ya zame ya faɗa kan labarin.

"Da igiyar ta yi nauyi a hannunsu, sai babban ya ce kowa ya yi shiru. Suka kasa kunne a bakin ramin. Daga can ƙasa..."

Baba bai tsayar da ita ba. Yaya tana jin numfashinsa. Ta dubi agogo, dogon hannun ya bar sha ɗaya yana hawa. Mai Tabarau ta riga ta cire dutsen da ke tokare da ƙofa, ta riƙe marfin da hannu. Yaya ta cije leɓe. Ba ta da bakin da za ta ce masa ya yi sauri.

"Ya isa, Malama," in ji Baba a hankali. Muryar ta ɗauke. "Sai ina?"

"Koma baya. Sama, dama. Ƙara matsawa."

"Saituna," in ji Malama.

"Nan ne! Taɓa sau biyu. Gangara ƙasa, har ƙarshe."

"Girman rubutu. Saurin murya. Akawun."

"Shiga. Na ƙarshe."

"Fita daga wannan na'ura," in ji Malama. "Za a goge dukkan littattafai. Ka tabbata?"

"Ji ta, wai ko na tabbata," in ji Baba. "To Malama, mun gode. Allah ya saka."

Ɗan ƙara ya yi, ƙit. Daga nan sai agogunan ɗakinsa kawai.

Yaya ta taɓa kundin. Huɗu cikin biyar. Ta danna ƙara wannan na'ura, wani siririn layi ya fara cika daga hagu, a hankali kamar mai ciwon ƙafa.

"Ya buɗe?"

"Yana sauka, Baba."

"To me kike jira? Tashi ki shiga. Kuma ki bar wannan shessheƙar, kada ki jiƙa musu tasu ita ma."

Ta cikin wayar ta ji babban agogonsa ya fara bugawa. Mai Tabarau ta fizge ƙaramar wayar ta jefa a kwandon ajiya, ta dubi sunan da ya fito a ƙasan shafin farko, ta dubi katin, ta tura Yaya ciki da kafaɗa.

"Kujerar ƙarshe, jikin taga. Zai ƙarasa sauka a kan tebur."

Ƙofar ta rufe a bayanta.

Tambayar farko a kan maganin ɗigon ido ce. Ta daɗe tana kallonta kafin ta buɗe kundin. Daga nan hannunta ya kama aiki, ya riƙa zuwa shafukan da ya sani. Ta amsa duka, har ta sami sararin komawa kan guda biyu. Da aka ce a ajiye alƙalami, Mai Tabarau ta bi layi tana karɓar na aro, ta tsaya a kanta.

"Fita daga akawun ɗinki tukuna. Kada ki bar mana gurbinki a nan."

Rana ta karkata lokacin da ta sauka daga bas. A bakin ƙofarsu ta ga takalmi mai tsini, an cire shi a gaggauce, ɗaya ya kife. Daga ɗakin Baba murya ke fitowa, da sauri da sauri, kamar mai karanta sanarwa.

"A hankali, Auta. Kora ki ake yi? Malama in ta zo aya tsayawa take."

"To ai ni ba Malama ba ce, Baba. Ni da ko ruwa ba a ba ni ba."

Auta tana zaune a bakin gado da kayan ofis, baƙar wayar a hannunta, igiyar caji ta miƙe har bango. Ta ɗago ta dubi Yaya, ta mayar da ido kan gilashin.

"Na je na ɗauko ta. Littafin yana ciki, sai dai wai gobe zai fita. Shi ne nake sauri, shi kuma ya hana." Ta sake ɗagowa. "Ya jarrabawar?"

"Na rubuta. Sai abin da Allah ya yi."

"Kin ci abinci?"

"Tukuna."

Baba yana kan kujerarsa ta kullum, tsakanin agogunansa. Tsohuwar wayar tana tafin hannunsa. Yaya ta durƙusa a gabansa, ta karɓa, ta rubuta sunanta da lambar sirri, ko da ta san amsar. Aka ce wannan na'urar ba ta cikin waɗanda ake karɓa yanzu. Ta mayar masa a hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Baba, akwai abin da ban gaya maka ba. Kafin ka kira, na riga na danna Cire Duka. Ban tambaye ka ba."

"Na sani."

Ta ɗago.

"Saƙo ya shigo, Malama ta katse karatu ta karanta mini, wai za a cire ni kafin gobe. Auta ta kira ina cikin juya maganar." Ya ɗan murmusa, ba da yawa ba. "Malama ba ta ɓoye mini komai. Ba irin 'ya'yana ba, masu shan shayin da ya zube."

Auta ta yi dariya ta toshe baki. Yaya ba ta iya ba. Ta sunkuyar da kai, goshinta ya taɓa gwiwarsa.

"Da ka bari ai da ka ji ƙarshen labarin da bakinta. Kana da yini guda."

"Da na ji. Ke kuma da kina nan zaune tun safe kina kallona." Ya dafa kanta. "Na ji zafi, Uwata, ba zan ce ban ji ba. Da kin tambaya da na ba ki. Tashi ki zuba abinci, ki zubo wa wannan ma, ko muryarta ta yi daɗi."

Yaya ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo. Auta ta gyara zama tana neman inda ta tsaya.

"Daga ina ma?"

"Daga can ƙasa," in ji Baba. "Sun kasa kunne a bakin ramin."

Auta ta ci gaba, wannan karon a hankali. Baba ya jingina ya lumshe ido. Da ta zo wani wuri da bai ji sosai ba, babban yatsansa ya tafi da kansa kan ɗigon jan farce na komawa baya, ya danna, ya jira.

"Auta," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Maimaita masa layin nan."